Sanyin Hannun Kinuyo

Ranar buɗe murhu a gidan Malama Ishitobi, mai koya mana zaman shayi, an ci waken da na dafa aka ce Kinuyo ce ta dafa. Ina zaune a ɗakin. Ita ma tana zaune. Ta sunkuyar da kai ta karɓi yabon, kuma har yau ba wanda ya gyara maganar.

Bayan kwana tara sai ga Maigida Fukuma, mai shagon alewar da muke wa aiki ni da ita, ya leƙo madafa yana murmushi. Wai tunda Kinuyo za ta ajiye aiki ƙarshen shekara, ni zan rubuta ɗan tarihinta a raba wa masu sayen alewarmu, don ba wanda ya san ta kamar ni. Gaskiyarsa, ba wanda ya san ta kamar ni. To ga tarihin. In ya ga dama ya buga.

An haifi Kinuyo a bakin tafkin Shinji, gidan masunta. Ubanta ƙumbar ruwa yake kwasowa, 'yan ƙananan halittun nan masu ɓawo da muke miyar safe da su, ita kuma tun tana shekara shida take tsoma hannu cikin ruwan tafki tana ware masu rai da matattu. Rani da hunturu. Karatu bai karɓe ta ba, tana gama ƙaramar sakandare wata goggonta ta riƙo ta ta kawo ta shagonmu a nan Matsue, tana shekara goma sha shida, tana ƙarnin tafki, idonta a ƙasa.

Ni na riga ta da shekara biyu. Sunana Notsu Tokuko. Na gama babbar sakandare, kuma ranar da na zo neman aiki na zo da littafi guda cike da zanen furannin da nake niyyar yi da ƙullun wake. Tsoho Fukuma, uban wannan na yanzu, ko buɗe littafin bai yi ba. Shi gwajinsa ɗaya ne: ya ɗora miki curin farin ƙullu a tafin hannu, ya ce ki dunƙule, ya ƙirga ashirin. Ƙullun alewa ba ya son ɗumi. In hannu na da zafi sai ya saki jiki, ya manne, sheƙinsa ya mutu. Da na buɗe nawa, zanen tafin hannuna kaf ya fito a jikin curin.

"Yarinya, wannan hannun naki ai murhu ne," in ji tsohon. "Wuce baya wajen ɗan'uwansa."

Na wuce baya. Shekara talatin da shida ke nan ina can.

Ranar gwajin Kinuyo ina tsaye bakin ƙofar madafa da muciya a hannu, ina jiran a turo mini ita in sami mai wanke tukwane. Aka ƙirga ashirin. Ta buɗe hannu, curin na nan sumul kamar dutsen rafi. Tsohon ya sake ƙirga wata ashirin ɗin, bai yarda da idonsa ba. Sannan ya taɓa yatsunta ya janye da sauri.

"Kai! Wa ya aiko mana da kifi?"

Daga ranar nake kiranta Kifi, ita kuma ta ce mini Yaya. A take aka ba ta kujerar gaba, wadda ke jikin tagar gilashi, inda masu wucewa ke tsayawa su kalli yadda ake yin fure. Ba ta taɓa zana ko ganye ɗaya a takarda ba. Ba ta ma san abin da ake yi a shagon ba sai da ta shigo. Abin da ta zo da shi kawai shi ne ubanta ya bar ta cikin ruwan sanyi shekara goma.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ta iya. Da ɗan katakon nan mai kusurwa uku sai ta juya curi sau huɗu biyar, ka ga fure ya buɗe a tafin hannunta. Akwai wani ganyen kaka da take yi, ja ya shiga cikin ruwan ɗorawa, a gefe ta bar ɗan gurbi kamar tsutsa ta ci. Ta taɓa jefar da guda wai bakinsa ya karkace. Na ɗauke shi daga kwandon shara, na kai gida na ajiye bakin taga, ina kallonsa kullum har ya bushe ya tsage. Ba ta sani ba. Yanzu ta sani.

Amma da me take yin furen? Da ƙulluna. Kowane fure, kowane ganye, kowane zomon da yara ke nunawa da yatsa ta gilashi, daga tukunyata ya fito. Ni ke tsince waken, ni ke wanke shi. In ya tafaso in zubar da ruwan farko don ɗacinsa ya fita, in ya sake tafasowa in kwarara masa ruwan sanyi don fatarsa ta saki. In tace, in matse, in zuba sukari, in tsaya da muciyar da ta kai mini ƙirji ina juyawa, ƙullu na tsalle yana sauka a damtsena. Duk wanda yake so ya zo in naɗe masa hannun riga ya ƙirga tabon. Masu yawon buɗe ido kuwa gaba suke tsayawa su ɗauki hoton yatsunta. Wata jarida ma ta taɓa buga hoton. A can bayanta, in ka lura, akwai wani hayaƙi. Ni ce.

A shekarata ta biyar na gwada dabara. Kullum kafin a buɗe shago sai in tsoma hannuwana cikin bokitin ƙanƙara har su mutu, in ɗauki curi in gwada. Hannun banza, da ya farfaɗo sai ya yi jajir ya fi da zafi. Wata safiya Kinuyo ta same ni durƙushe gaban bokitin.

"Yaya, kifi kike son zama?"

"Wanke hannu nake yi. Ina ruwanki?"

"Ai sai ki zo in kai ki gidanmu. Babana na neman mai tsince ƙumba."

Dariya take yi, ba da mugunta ba. Abin da ya fi ba ni haushi da ita ke nan, ba ta taɓa yin komai da mugunta ba, ballantana in sami inda zan kama.

Ta auri Kadowaki, direban bas, mutum shiru shiru irinta. Suka haifi 'ya ɗaya, tana Osaka yanzu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce zuciyarsa ta tsaya yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa. Kwana bakwai kawai Kinuyo ta yi ta dawo aiki, ta zauna ta yi wasu fararen furanni marasa ado, mutane suka yi ta saye suna cewa baƙin cikinta ne ya sauka a cikinsu. Har da mai share hawaye. Ni kuwa shekarar da uwata ta rasu na tsaya kan tukunya ina kuka hawaye na ɗiga, wake ya fito kamar kullum, ba wanda ya ɗanɗana komai.

Ga wani abu da ya kamata masu sayen alewarmu su sani: Kinuyo ba ta cin zaƙi. Ko kaɗan. Abincin ranarta shinkafa ce da kifi mai gishiri da ɗan tsami. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa sa ƙullu a baki ta ce mini ya yi ko bai yi ba. Sau ɗaya ta taɓa dafa wake, lokacin da na haifi ɗana. Ta ƙone gindin tukunya, waken ya fashe ya zama kunu, aka rufe shago kwana uku. Tsoho Fukuma da kansa ya zo barka, bai ko dubi jaririn sosai ba ya ce, "Yaushe za ki iya tsayuwa?"

Shayi ma ta riga ni. Ita ake aika ta kai alewa gidan Malama Ishitobi, mai koyar da zaman shayi a unguwarmu, don ita ce mai fuskar shago. Malama ta ga yatsunta ta ce lallai ta zo ta koya. Da na ji, ni ma na je na rubuta sunana, ba kuma zan ce son shayi ne ya kai ni ba. Shekara goma sha tara ke nan ina durƙuso kan tabarmar Malama har gwiwoyina suka yi kanta. A duk zama Kinuyo kusa da babban baƙo ake ajiye ta. Ni kullum ni ce baƙuwar ƙarshe, wai don na san kan aiki. Baƙuwar ƙarshe ita ke ja ƙaramar ƙofar nan da ake shiga da rarrafe ta rufe, da ɗan ƙara kaɗan don mai gida ta san an gama shiga. Ita ke shanye abin da ya rage a kwano, ita ke tattara kaya ta mayar. Ba ta magana. Babban baƙo kaɗai ke yi wa mai gida tambaya, sauran su saurara. Wato ko a ɗakin shayi madafa aka ba ni.

Duk da haka ban taɓa ƙorafi ba, kuma ga dalili. In babban baƙo ya tambayi alewar wane gida ce, sunan shago kawai ake faɗa. "Ta gidan Fukuma ce." Shi ke nan. Ba a ambatar hannu. Ina cikin wannan sunan, Kinuyo na ciki, ba wadda ta fi wata. In na ji an faɗa nakan ce a raina, to, rabi nawa ne.

Sannan akwai rana ɗaya a shekara da duka nawa ne. Farkon Nuwamba, in sanyi ya shigo, Malama ta ɗaga tabarma ta buɗe murhun ƙasa, ranar ba a cin fure ba a cin ganye. Zenzai ake sha: jan wake cikin romonsa mai zaƙi, da gasasshen curin shinkafa a sama, cikin baƙin akushi mai murfi. Ba abin da za a murza, ba abin da za a zana. Tukunya ce kawai da wadda ta san ta. Kuma ƙa'idarsa, wake ya nuna har tsakiya amma kada cikinsa ya fashe.

Bana sabon wake aka kawo mana daga yankin Tamba, manya. Na zauna na tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku na yi a kansa: rana ɗaya dafuwa a wuta ƙasa ƙasa, ban bari ya yi rawa a tukunya ba, kwana biyu yana kwance cikin ruwan sukari ina ƙara masa kaɗan kaɗan don kada fatarsa ta tsorata ta yamutse. A shekara talatin da shida ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Abin da Kinuyo ta yi masa shi ne ta rungume tukunyar a cinyarta cikin mota har gidan Malama.

Mu biyar ne a zaman. Babban baƙo tsoho Moriwaki ne, likitan haƙori da ya yi ritaya. Kinuyo na biye da shi, sai mata biyu 'yan ajinmu, sai ni a gindi. Aka kawo akusa, aka buɗe, tururi ya tashi. Ina satar kallon Moriwaki. Ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya da tsinke, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya juya ta, sannan ya sa a baki ya rufe ido.

Aka fita lambu, aka dawo, Malama ta dama shayi mai kauri a kwano ɗaya wanda za mu sha mu duka. Moriwaki ya sha ya goge bakin kwano ya miƙa wa Kinuyo, ta sha ta miƙa gaba, har ya iso gare ni. Kwanon na hannuna lokacin da ya yi tambayar.

"Malama, shekara arba'in na yi ina cire haƙoran da zaƙi ya cinye, ina yi wa mutane faɗa. Yau na janye faɗan. Wannan waken ya isa a rasa haƙori saboda shi. Na duba, ko ɗaya bai fashe ba. Aikin wane gida ne?"

Malama ta ɗora yatsu kan tabarma.

"Na gidan Fukuma ne. Kuma bana ku yi mini haƙuri, zan ɗan taka al'ada in faɗi hannun. Kinuyo tamu ce."

Duk suka juya wajen Kinuyo suka rusuna. Na zuba mata ido ta saman kwano, ina jira. Ta ɗan ɗago, ta dube ni, na ga ta dube ni. Sannan ta ɗora sanyayyun yatsun nan kan tabarma ta kai goshi ƙasa.

Ni baƙuwar ƙarshe ce, ba ni da baki. Na shanye shayin. Ƙa'ida ce a zuƙe ɗigon ƙarshe da ɗan sauti don a san an gama, to nawa sautin ina jin har maƙwabta sun san an gama. Da za mu fita, kowa ya rarrafa ya wuce, na fita na ja ƙofar. Na ja ta da kyau. Farin furen da Malama ta sa a bango ya faɗo daga karansa.

Kun san abin da ake ta magana a kai a unguwa tun ranar? Ƙofar. Malama ta buga wa Maigida waya a kan ƙofar. Matar mai sayar da tofu, wato awara, ta tare ni a hanya tana tambaya ko lafiya hannuna ya suɓuce. Ba wanda ya ce komai a kan wake.

Kuma maganar ba a baki ta tsaya ba. Kowane zama Malama na rubuta takardarsa da burushi: kwanon waye, cokalin gorar wa ya sassaƙa, alewar wane gida. A ba kowane baƙo kwafi, ɗaya kuma ta shiga akwatin da ke ɗauke da irinsu tun zamanin kakarta. Tawa tana gabana yanzu. "Zenzai, gidan Fukuma, hannun Kadowaki Kinuyo." Nan da shekara ɗari wata za ta buɗe akwatin nan ta karanta cewa matar da ta ƙone gindin tukunya ita ta dafa wake mafi kyau da aka taɓa sha a ɗakin.

Na sami Maigida washegarin zaman. Tun yana goye na san shi, ni na sha ba shi ƙanzon tukunya.

"Wa ya ba Malama sunan?"

"Haba Yaya Tokuko. Ta tambaye ni ne, ta ce tana so ta karrama Kinuyo tunda shekararta ta ƙarshe ce. Na ce to. Ai duk abin da ya fito daga shagon nan na shago ne."

"To me ya hana a ce na shago a tsaya nan, kamar kullum?"

"Baƙi sun san sunanta ne."

"Ta yaya za su san nawa? Ka taɓa faɗa musu?"

Ya sosa ƙeya, ya ce waya na kiransa. Ban ji wayar ta yi ƙara ba.

Ita kuwa Kifi kwana biyar tana kewaye ni. Ran na shida ta shigo madafa, wurin da ba ta shiga sai da dalili, ta tsaya gefen tukunya ta miƙa hannuwanta cikin tururi. A nan na gan su da kyau. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsa biyu sun karkace, babban ba ya lanƙwasuwa. Abin da zai raba ta da aiki ke nan tana shekara hamsin. Tafkin da ya ba ta ya dawo ya karɓe.

"Yaya, kin san ba zan iya ƙaryata Malama a ɗakinta a gaban baƙi ba."

"Na sani. A lambu fa? A mota fa? Jiya fa? Bakin ma ya kumbura ne?"

Ta juya hannu cikin tururin.

"Na ji daɗi ne," ta ce. "Shekara talatin da huɗu ana cewa abin da na yi yana da kyau a ido. Ba wanda ya taɓa rufe ido ya ce yana da daɗi. Na so in ji yadda yake sau ɗaya."

"Sai ki ji da nawa?"

"Da na wa zan ji? Ke kullum kina nan gindin wuta, hannunki lafiya lau, za ki kai saba'in kina juya muciya. Ni tun ina ƙarama ban san ranar da hannuna ya yi ɗumi ba. In na leƙo na gan ki kina zufa cikin hunturu, ji nake kamar in ture ki in tsaya wurin."

"Da kin ture ni. Da mun ga wanda zai sha kunu."

Ta yi dariya, sai kuma ta ciji leɓe, don yatsun sun motsa. Na ajiye muciya na kama su na riƙe cikin nawa har suka saki. Ni ba muguwa ba ce. Amma kada wanda ya ɗauka wannan ya biya. Ita ta ji ɗumi, ni har yanzu sunanta ne a takarda. Kuma ko a wannan ma ta fi ni: yanzu duk wanda ya karanta zai tausaya mata, ni a ce mai ja ƙofa.

Wannan shi ne tarihin Kadowaki Kinuyo. Ta yi aiki, ba ta taɓa makara ba, furanninta sun fi na kowa a garin nan, kuma ba ta iya dafa wake ba. Ku karrama ta da abin da ta yi. Ga ganyen nan mai cin tsutsa, ku rubuta sunanta a kansa da ruwan zinariya, ni zan riƙe muku tawada.

Malama Ishitobi, ki buɗe akwatin kakarki ki ciro takardar. Ki ja layi kan sunan da ba nasa ba, ki rubuta Notsu Tokuko da hannunki. A zaman farko na sabuwar shekara ki tara mu biyar ɗin nan, har da Moriwaki, ki faɗa da bakinki kwanon na hannuna, kamar yadda kika faɗi wancan. Kai kuma Maigida, kai ka ba da sunan, kai za ka je ka karɓo takardar da aka gyara ka kawo mini madafa in gani. Waken sabuwar shekara buhu uku ne, suna jingine bayan ƙofa, ban kwance bakin ko ɗaya ba. Ku kawo takardar in hura wuta.